Farfaɗiya kashi biyar, magani iri ɗaya

Jama'a, tun da tallan "maganin gargajiya na China" ya cika mana Facebook da WhatsApp, har ana cewa yana warkar da farfaɗiyar jarirai, bari mu leƙa mu ga abin da su Sinawan na da suka rubuta a kan ciwon.

Gaskiya sun yi ƙoƙari. A shekara ta 610, wani likitan fada mai suna Chao Yuanfang ya raba farfaɗiyar yara gida uku: wadda iska ta kawo (iskar da ke kaɗawa fa, ba iskokinmu ba), wadda firgita ta kawo, da wadda rashin daidaiton abinci ko shayarwa ya kawo. Tun kafin shi ma, tsohon littafinsu Huangdi Neijing ya danganta farfaɗiyar da aka haifi yaro da ita da mummunar firgitar da uwa ta yi tana da ciki. Wato sun ɗauke ta ciwon jiki mai dalili, suka zauna suna lura da idon yaro, da harshensa, da cikinsa. Wannan kam na yaba musu.

Sai Qian Yi, babban likitan yara na zamanin daular Song, wanda almajirinsa ya tattara iliminsa a littafi a 1119. Shi kashi biyar ya yi, gwargwadon kukan da yaro ke yi in abin ya tashi. Mai kukan kare, hanta ce. Mai kukan tunkiya, zuciya. Na sa, saifa. Na kaza, huhu. Na alade, wanda yaro ke sandarewa yana kumfa, ƙoda.

Abin sha'awa, ko? To ga inda gizo ke saƙar. Bayan duk wannan rabe-raben, akwai ƙwaya guda da littafin ya ware wa duka biyar ɗin, kuma a cikin haɗinta akwai zaiba da dalma. Dalma fa! Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, da yawansu suna jijjiga kafin rai ya yi halinsa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ba zagin Qian Yi nake ba, mutumin shekara ɗari tara da suka wuce ne, ba shi da na'urar auna ƙwaƙwalwa. Da masu sayar mana da sunansa a yau nake.

Ni a ganina, amfanin raba ciwo kashi-kashi shi ne ya gaya wa likita abin da zai ba yaro da abin da zai hana shi. Akwai nau'in da ake kira ciwon West, inda jariri ɗan wata huɗu zuwa takwas zai riƙa zabura yana duƙunƙunewa sau da yawa a jere, musamman in ya farka daga barci. Iyaye kan ɗauka ciwon ciki ne. Maganinsa daban ne, irin su prednisolone ko vigabatrin, kuma duk makon da aka ɓata ƙwaƙwalwar yaron ce ke biya. Akwai ciwon Dravet, wanda in aka ba yaro carbamazepine, maganin da ke taimakon wasu, ƙara rikicewa zai yi. Ga kuma jijjigar zafin zazzaɓi, wadda ba farfaɗiya ba ce ma. Kukan kare da na kaza ba za su bambance maka waɗannan ba.

Wani zai ce, ai maganin maleriyar da muke sha daga tsoffin littattafan Sin aka samo shi. Haka ne, Tu Youyou ta ci kyautar Nobel a 2015 a kan artemisinin. Amma sai da aka tace shi, aka gwada, aka auna. Kuma ita kanta China, da ta tashi yaƙar farfaɗiya a karkararta a farkon shekarun 2000 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, phenobarbital ta raba wa mutane.

Don Allah, wanda jaririnsa ke irin wannan zabura, ya ɗauki bidiyonta a waya ya kai wa likitan yara, kada a fara da garin da ba a san me aka niƙa a ciki ba.