Wayar Da Ke Magana: Kowace Manhaja Da Irin Saitinta

Yau zancenmu na gidajen da ke da mai lalurar gani ne, ko yaron da aka haifa da ita, ko Baba da Inna da hawan jinin ido ko ciwon suga ya cinye musu gani.

Abin da na fi gani a wurin aiki shi ne, an kunna wa mara lafiya muryar da ke karanta abin da ke fuskar waya, ya yi kwana biyu da ita, ya ce a kashe masa, surutunta ya ishe shi. Daga nan sai a koma gidan jiya: jika ne ke karanta wa kaka saƙon banki, maƙwabciya ce ke duba wa budurwa abin da likita ya turo mata. Ke da kanki kin san akwai saƙon da ba za ki so ɗan cikinki ya karanta miki ba. Sau da yawa kuma laifin ba na muryar ba ne. An bar ta ne da saiti ɗaya, ana so ta yi hira da shi, ta yi lissafin kuɗi da shi, ta yi aikin makaranta da shi.

Wutar da ake dafa wake da ita ba da ita ake suyar ƙwai ba. Mai sauraron labarai yana son murya ta yi gudu. Mai tura kuɗi yana son ta bi lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibar da ke rubutu tana son a faɗa mata inda waƙafi da aya suke, amma a cikin hirar WhatsApp wannan takura ce kawai. Ga kuma tamu matsalar: muryar Turanci idan ta ci karo da saƙon Hausa murɗe kalmomin take yi, sai an rage mata gudu kafin kunne ya kama.

Bari in fara da kwamfuta, don nan ne abin ya fi tsari, kuma nan 'yan makaranta suka fi buƙata. Akwai manhajar NVDA, kyauta ce. Wani makaho ɗan ƙasar Ostareliya, Michael Curran, ya fara ta a 2006, abokinsa James Teh, wanda shi ma ba ya gani, ya haɗa hannu da shi. Akwai JAWS ma, sai dai ita ta kuɗi ce. NVDA tana da babban maɓalli da ake haɗawa da sauran, wato Insert. A yawancin laftof wannan maɓallin a maƙale yake a lungu, don haka gara tun farko a zaɓi Caps Lock a madadinsa, yana nan gefen hagu inda ɗan yatsa zai same shi ba lalube.

A ce ɗiyarki za ta yi rubutu a Word. Ta buɗe shi, ta danna babban maɓallin tare da Ctrl da P. Akwati zai fito, ta zaɓi "New", ta nuna cewa na manhajar da take ciki ne. Daga nan duk saitin da ta canza tana cikin Word, a Word zai tsaya. Ta rage gudun murya, ta sa a riƙa faɗin alamomin rubutu da kuskuren haruffa, da kowace kalma da ta gama bugawa. Tana komawa intanet muryar za ta dawo da gudunta na da, ba sai ta taɓa komai ba. A can kuma harafin H kaɗai yana tsallaka ta daga kanun magana zuwa na gaba, ba sai ta saurari shafi tun daga sama ba.

Su ma maɓallan ana sauya su, a sashen "Input gestures". Idan aka shiga sashen daga cikin Word, za a tarar da umarnin da suka keɓanta da Word a jere. Wannan ya fi amfani ga wanda hannunsa ɗaya ya raunana, kamar masu shanyewar ɓarin jiki, don danna maɓalli uku lokaci guda ba ƙaramin aiki ba ne gare su. Amma ina ba da shawara kada a sauya fiye da biyu ko uku. Yaron da ya saba da nasa tsarin kaɗai zai sha wahala ranar da aka zaunar da shi gaban kwamfutar makaranta.

Biyu ki haddace ke ma. Babban maɓalli da lamba 1 yana sa kwamfuta ta riƙa faɗin aikin duk abin da aka danna ba tare da ta aikata ba, wasa ne mai kyau ku yi tare bayan cin abincin dare. Ctrl kuwa shi ke sa ta yi shiru nan take.

Masu iPhone, taku muryar VoiceOver ce, kuma a cikin saitinta akwai "Activities", inda ake ware wa kowace manhaja gudun murya da yawan bayanin da za ta riƙa yi.

Yawancinmu dai Tecno, Infinix, Itel ko Samsung muke riƙewa, wato Android, kuma tamu TalkBack ce. Ita sai a riƙa canza gudun da hannu. A sababbin wayoyi ana jan yatsu uku hagu ko dama har a ji ta ambaci gudun magana, sannan a ja yatsa ɗaya sama ko ƙasa. Ki kuma kunna gajeriyar hanyar nan ta danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa 3, wadda ke kunna ta da kashe ta. A gidan da waya ɗaya ke yawo hannu biyar, ita ke hana rigima. Idan wata manhaja tana da maɓallin da muryar ba ta san sunansa ba, ana iya raɗa masa suna sau ɗaya, ta riƙe shi.

Maganar banki kuwa sai an kula. Waya mai magana tana iya shelanta wa duk 'yan Keke Napep abin da ke asusun Inna. A sa abin kunne, a kuma kunna saitin da ke duhunta fuskar waya, tana aiki amma na kusa ba ya ganin komai. Duka TalkBack da VoiceOver suna da shi.

Wanda zai yi amfani da wayar shi zai zaɓi gudun da kunnensa. Za ki ji ɗanki ya kai muryar gudun da ke ba ki fahimtar ko kalma ɗaya, ki ƙyale shi, kunnensa ya saba. Kada kuma ki gyara masa saiti ba ya nan, daidai yake da ki sauya wa kujerun ɗaki wuri ba ki faɗa masa ba.

Wadda ta maƙale a wani mataki ta rubuto a ƙasa, ta faɗi irin wayar da kuma manhajar da ke ba su wahala.