Gejin zafi da na baƙin mai: Abin da ya kamata a duba kafin mota ta bar tashar Isa ko Sabon Birni

A yawancin hanyoyin Najeriya, idan mota ta mutu a hanya, asarar lokaci da kuɗi kawai ake yi. A hanyoyin gabashin Sakkwato lamarin ya wuce haka. Duk wanda ke bin hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ko yake fitowa daga Turba zuwa Shinkafi, ya san cewa tsayuwar rabin awa a tsakiyar daji na iya jefa mota guda ta fasinjoji a hannun 'yan bindiga. Mutanen yankin ba su manta da matafiyan da aka ƙona a cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disamba na 2021 ba. Tsaron hanya aikin gwamnati ne, amma hana inji mutuwa a wurin da bai kamata ba yana hannun direba da mai mota.

Mafi yawan motocin haya a yankin, irin su Golf da Sharon da Hiace, tsofaffi ne da aka gama moransu a Turai kafin su iso. A cikin da yawa daga cikinsu allurar zafi ta daɗe da kwanciya, fitilar baƙin mai kuma ko ta ƙone ko an cire wayarta don ta daina damun direba. Wato mutum na tuƙa rayuka goma ko fiye, cikin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, bai san halin da injinsa ke ciki ba sai ya ga tururi na tashi daga bonet.

Abu biyu ne suka fi kashe inji farat ɗaya: zafi da ƙarancin ƙarfin baƙin mai. Inji mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 85 zuwa 100. Idan fambel ya tsinke, ko fanka ta tsaya, ko tiyon lagireto ya fashe, cikin 'yan mintuna zafin zai ƙona gasket ko ya lanƙwasa kan inji. Shi kuwa baƙin mai, famfo ne ke tura shi da ƙarfi tsakanin ƙarafan da ke juyawa. A motoci da yawa jar fitilar mai ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da rabin ma'aunin bar ɗaya, lokacin da ƙarfe ya riga ya fara cin ƙarfe. Geji mai allura ko mai lamba shi ke nuna wa direba cewa ƙarfin na raguwa tun makonni kafin inji ya buga, ya samu damar kai motar gareji a cikin gari.

Shi ya sa ya dace duk motar hayar da gejinta na asali ya mutu a gyara shi, idan bai gyaru ba a sanya na kasuwa. Sai dai sanyawar tana da ƙa'ida, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure.

Na farko, kada a cire na'urar zafi ta asali a motocin da ke da kwamfutar inji, domin da ita kwamfutar ke auna yawan fetur ɗin da za ta bayar. Sabuwar na'urar a ba ta wurinta daban, galibi a kan tiyon sama na lagireto, a kuma haɗa mata wayar as, tunda roba ba ta ɗaukar wuta.

Na biyu, a kula da zaren dunƙulen. Zaren da ke jikin injin Golf daban yake da na Toyota, kuma gejin kasuwa sau da yawa yana zuwa da wani zaren na uku. Bakaniken da ya ɗaure shi da ƙarfin tsiya zai tsaga mazaunin, mai ya riƙa yoyo. Mahaɗin da ya dace ake nema.

Na uku, na'urar mai mai nauyi da aka rataya a kan siririn mahaɗin tagulla tana iya karyewa saboda jijjigar hanya marar kyau, man inji ya tsiyaye gaba ɗaya. Gara a ɗaure ta a jikin mota, a kai mata man ta tiyo mai ƙwari. Haka kuma gejin da ke shigo da siririn bututun mai har gaban direba yana da haɗari, domin in ya fashe mai zafi ne zai zubo a ƙafa. Mai aiki da waya ya fi aminci.

Akwai masu cewa tsohon direba da kunne da hanci yake gane ciwon mota. Gaskiya ne gogewa na da amfani, amma kafin kunne ya ji ƙarar ƙarfe, aikin gama ya gama. Wasu kuma za su ce tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, ɗan abin da direba ke samu bai kai ya yi ƙarin kashe kuɗi ba. Wannan kuka ne na gaskiya. Amma kuɗin geji biyu da aikin mai waya bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba, balle kuɗin fansa.

Geji kuma yana da iyakarsa. Idan ruwan lagireto ya zube gaba ɗaya, na'urar na iya zama cikin iska ta nuna kamar lafiya lau. Ba zai gyara ɓarnar cire tamostat da kanikawa da yawa suka mayar al'ada ba, ko ta zuba ruwan rijiya mai toshe lagireto, ko ta baƙin mai na jabu. Duba ruwa da mai kowace safiya yana nan daram.

Waɗanda suka fi kowa ikon kawo canji su ne shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Isa da Sabon Birni. Kamar yadda ake duba layi kafin mota ta yi lodi, za a iya ɗaukar minti ɗaya a murɗa makulli a ga ko fitilar mai na kamawa, allurar zafi na motsi. Ƙungiyar kanikawa ta NATA na iya koya wa masu waya yadda ake sanyawa daidai. Shi ma fasinja yana da haƙƙin ya leƙa gaban direba kafin ya biya kuɗin mota, ya tambaya in ya ga allura a kwance, ko ya jira mota ta gaba.