Suna Linzami Ne, Har A Cikin Kwamfuta

Jama'a masu karatu, a wannan mako za mu duba wani al'amari da ake rainawa a ofisoshinmu, watau yadda ake raɗa wa fayil suna a cikin kwamfuta. Hausawa sun ce suna linzami ne, to lalle fayil ɗin da aka yi wa mummunan suna yana iya salwanta alhali kuwa yana nan kwance a cikin na'ura.

Mu ɗauki misali da ƙasar Nok, a Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a can, sa'an nan a 1943 aka kawo wa Bernard Fagg wani kai daga wajen Jema'a, ya lura irinsu ɗaya ne. Daga 2005 masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi shekaru suna tono a yankin tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A irin wannan aiki kowane guntu yana da hoto da lamba da sunan wurin da aka samo shi. Kayan Nok kuwa ɓarayi sun daɗe suna fitar da su ƙetare, saboda haka ranar da Nijeriya za ta ce wannan nata ne, hoton nan da bayaninsa su ne shaidarta. In an nemi fayil an rasa, shaida ta tafi.

To, ina matsalar take? Tsarin ASCII da Amurka ta fitar a 1963 gurbi 128 kaɗai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. A zamanin DOS sunan fayil ba ya wuce harafi 8, sai aya da harafi 3, watau ko Kafanchan mai harafi 9 ba ta shiga sai an datse mata wutsiya. Da aka fito da tsarin Unicode a 1991 aka ba kowane harafi lambarsa, har da namu masu ƙugiya. Duk da haka, in fayil ya ratsa ta tsohuwar manhaja, sau da yawa ƙugiyar takan rikiɗe ta zama alamar tambaya.

Har ila yau akwai alhamzar da ke cikin Jema'a. A wurinmu harafi ce, amma masu rubuta manhaja suna amfani da ita don buɗe zance da rufe shi, saboda haka in ba a kiyaye ba, umarnin da aka ba kwamfuta yakan tsinke a daidai nan. Tazarar da ke tsakanin Zangon da Kataf ma takan sa na'ura ta zaci suna biyu ne. Windows ta haramta alamomi 9 a sunan fayil, cikinsu da tauraro da alamar tambaya da ruwa biyu, kuma ba ta bambanta Nok da nok, alhali a Linux fayil biyu ne dabam. Masu haɗa manhajar Debian kuwa sun ƙayyade cewa sunan ƙunshin manhaja ba zai ɗauki kome ba sai ƙananan haruffa da lambobi da aya da alamar tarawa da ta ɗebewa.

Wani zai ce to a zubar da ƙugiyar mana kowa ya huta. Wanda ya faɗi haka bai tuna da baki da baƙi ba, ko kafa da ƙafa. Maƙwabtanmu Atyap su ma suna ja wa wasu wasulansu layi a ƙasa, kuma harshensu ba zai karantu daidai ba in an share shi.

Shawarar da muke ba akawuna da ma'aikatan gidajen tarihi ita ce a raba aikin gida biyu. Sunan fayil ya zama na ƙananan haruffa da lambobi da karan ɗori, ba tazara, ba alhamza, a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-15-jemaa-017, don fayiloli su jeru bisa tsarin kwanan wata. Cikakken suna kuwa, da ƙugiyarsa da alhamzarsa, a rubuta shi daidai a cikin rajistar da ke bayanin kowace lamba, a adana ta bisa tsarin Unicode. Shugaban ofis ya rubuta wannan ƙa'ida a takarda guda, ya manna a bango, don sabon ma'aikaci ya tarar da ita, kada kowa ya riƙa raɗa suna yadda ya ga dama.

Sai mako mai zuwa, in rai ya kai mu.