Zamfara: Ciwon da ke saura bayan an ce an warke

A watan Mayun 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayyana cewa cutar korona ta daina zama annobar da ke bukatar matakin gaggawa a duniya. To sai dai kuma har yanzu akwai miliyoyin mutanen da ƙwayar cutar ta bar jikinsu, amma lafiya ba ta dawo musu ba.

Wasu na fama da kasala, wasu numfashi ne ke yi musu wuya ko da ɗan tattaki suka yi, wasu kuma mantuwa ce ta addabe su. Tun a watan Oktoban 2021 hukumar ta amince da wannan a matsayin larura mai zaman kanta, wadda kan bayyana cikin watanni 3 da kamuwa, ta kuma ɗauki akalla watanni 2. Kiyasin hukumar na baya-bayan nan shi ne, mutum 6 cikin kowane 100 da suka kamu kan shiga wannan hali.

Amurka kaɗai ta ware dala miliyan dubu 1 da miliyan 150 domin bincike a kan lamarin. A Nijeriya ma, wani nazari da likitoci suka yi a Legas aka wallafa a 2021 ya gano cewa cikin mutane 274 da aka sallama, kimanin 4 cikin kowane 10 na ci gaba da jin alamun ciwo.

Babban darasin da masana suka koya shi ne, sallama daga asibiti daban, warkewa daban. Abin tambaya a nan shi ne, me wannan darasi ke nufi ga jiha kamar Zamfara?

Baƙon da ba ya tafiya da kayansa

A garuruwa irin su Gusau da Tsafe da Bunguɗu, cutar da ta fi dacewa da wannan bayani ta girmi korona nesa ba kusa ba. Ita ce ƙyanda, wadda Hausawa ke sakaya sunanta da baƙon dauro. Ita ma ƙwayar bairas ce ke haddasa ta, ta numfashi take yaɗuwa, kuma ta fi ƙamari daga ƙarshen hunturu zuwa bazara.

Iyaye da dama kan ɗauka cewa da zarar ƙuraje sun bushe, zazzaɓi ya sauka, to baƙo ya yi sallama. Binciken likitoci ya nuna akasin haka.

Tun a shekarun 1960 wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, wanda ya yi aiki a garin Imesi-Ile da ke kudu maso yammacin Nijeriya, ya lura da yadda ƙyanda ke ramar da yara, da yadda da yawansu ke ɗaukar makonni kafin su mayar da jikinsu.

Sai a 2019 ne aka gano dalili ƙarara. Masu bincike sun auna jinin yara 77 a ƙasar Holand waɗanda ba a yi wa rigakafi ba, kafin su kamu da ƙyanda da kuma bayan sun tashi. Sakamakon da mujallar Science ta buga ya nuna cewa cutar ta shafe tsakanin kashi 11 zuwa kashi 73 cikin 100 na sinadaran kariyar da jikinsu ya tara domin yaƙar wasu cututtuka. Ba a ga irin wannan asara ba ga yaran da allurar rigakafi aka yi musu.

Wato ƙyanda kan sa garkuwar jiki ta manta da abokan gabar da ta riga ta sani. Wani nazari na 2015, wanda ya duba alƙaluman Ingila da Amurka da Denmak, ya nuna cewa wannan rauni na iya kai wa shekaru 2 zuwa 3.

Inda huhu ya shigo

Huhu ne kan fara ɗanɗana kuɗarsa. Ciwon nimoniya, wanda aka fi sani da sanyin haƙarƙari, shi ne kan gaba wajen kashe yaran da suka kamu da ƙyanda. Asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya kiyasta cewa a 2018 nimoniya ta kashe yara 162,000 a Nijeriya, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a duniya, har da Indiya.

Wani babban bincike da aka gudanar a ƙasashe 7, ciki har da Mali da Gambiya, aka kuma wallafa a 2019, ya gano cewa ƙwayoyin bairas ne suka haddasa kusan kashi 61 cikin 100 na nimoniya mai tsanani da ta kwantar da yara a asibiti.

Wanda ya tsira ma ba lallai ne ya tsira da huhunsa lafiya lau ba. A Birtaniya an bi diddigin mutanen da aka haifa a 1946 har suka manyanta. Rahoton da mujallar Lancet ta fitar a 2023 ya nuna cewa waɗanda suka yi ciwon ƙirji kafin su cika shekaru 2 sun kusa ninka sauran a haɗarin mutuwa da wuri sakamakon cutar numfashi. Idan haka abin yake a Birtaniya, ina ga yaron da ke shaƙar hayaƙin itace a madafi da ƙurar hunturu a waje, ga kuma ƙarancin abinci mai gina jiki?

Halin da Zamfara ke ciki

Masana sun ce sai an yi wa kashi 95 cikin 100 na yara allurar ƙyanda sau 2 kafin a iya katse yaɗuwarta. A Nijeriya ana yin ta farko ne a wata 9, ta biyu kuma a wata 15. Amma binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Zamfara, yaran da suka samu cikakken rigakafi ba su kai 1 cikin 10 ba.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula al'amura. Hare-haren 'yan bindiga sun tilasta rufe ƙananan asibitoci a karkara, sun kuma kori dubban iyalai zuwa cikin garuruwa, inda cunkoso ke bai wa ƙyanda damar bazuwa.

Manyan asibitocin jihar, wato Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, duk a Gusau suke. Tsafe na kan hanyar Funtuwa, Bunguɗu kuma na kan hanyar Sakkwato, kuma dukkansu ba su da nisa da babban birnin. Amma ga mahaifin da ke wani ƙauye a bayan Tsafe, komawa da yaro asibiti don a sake duba ƙirjinsa na nufin kuɗin mota da kasadar hanya. Sau da yawa sai a haƙura da maganin tari daga kemis.

A nan ne giɓin yake. Rahotannin annoba kan ƙirga waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Yaron da ya tashi daga ƙyanda a watan Maris, nimoniya ko gudawa ta ɗauke shi da damina, ba ya shiga lissafin ƙyanda, alhali kuwa ita ce ta buɗe ƙofa.

Mafita

Zamfara ba baƙuwa ba ce ga aikin bin diddigin marasa lafiya. Bayan bala'in gubar dalma na 2010, wanda ya hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana auna jinin yaran da suka tsira tana kuma yi musu magani. Wannan ya nuna cewa abu ne mai yiwuwa, ko da a ƙauyuka masu wuyar shiga.

Abin da ake bukata ba ya da tsada sosai: rajistar yaran da suka yi ƙyanda ko nimoniya, da ranar da za a dawo da su, da sinadarin bitamin A wanda WHO ta ba da shawarar a bai wa duk yaron da ya kamu, da na'urar auna iskar oksijin a jini a manyan asibitocin Tsafe da Bunguɗu da makamantansu. Irin wannan rajista ce kuma za ta bai wa likitocin Gusau abin da za su gina nasu binciken a kai, maimakon dogaro da alƙaluman Turai.

A watan Oktoban 2025 Nijeriya ta ƙaddamar da gangamin rigakafin da ya haɗa da ƙyanda, da nufin kai wa ga yara sama da miliyan 100. Nasararsa a Zamfara za ta dogara ne ga yawan ƙauyukan da ma'aikata suka iya shiga, da kuma ko za a ci gaba da allurar yau da kullum bayan an naɗe tabarmar gangamin.

Su kuwa iyaye, abin da binciken ke gaya musu a fili yake. Yaron da ya tashi daga ƙyanda na bukatar sa ido na tsawon watanni, kuma tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko saurin numfashi, ko rama, dalili ne na komawa wurin likita ba tare da jinkiri ba.