Misali Biyar Ba Hujja Ba Ne

A ƙarni na 13, Ibn Khallikan ya kawo labarin mutumin da ya ƙirƙiri shaɗaranji, wato darar nan da ake yi a kan allo mai gidaje 64. Da sarkin Indiya ya ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na ƙarshe. Jimillar ita ce 18,446,744,073,709,551,615.

Wannan lamba mara ce, ba cika ba. Ita ce abin da ake samu idan aka jera 2 sau 64, aka riɓanya su da juna, aka cire ɗaya. A lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya kuwa, 1 ce a jere har sau 64. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda take rabuwa.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su 7 da 13. Bari mu kira su gagara-rabo. Lambarmu ba ta cikinsu, domin ana samun ta ne idan aka riɓanya waɗannan shida da juna: 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297. Dukkansu tsari ɗaya suka bi: cire ɗaya daga kowace, ka riɓanya saura da kansa, ka mayar da ɗayan, sai ta gaba ta fito.

Biyar na farko duk gagara-rabo ne. Ganin haka, a 1640 Fermat, masanin lissafi na Faransa, ya yi hasashen cewa duk lambar da ta bi wannan tsari haka za ta kasance. Sai a 1732 Euler ya nuna cewa ta shidan tana rabuwa: 641 sau 6,700,417. Har yau kuma ba a sake samun ko guda a wannan jeri da ta gagari rabo ba bayan 65,537.

Kusan shekara casa'in hasashen babban malami yana tsaye, rabawa ɗaya ta rushe shi. Wannan ne nake so ɗalibanmu su riƙe. Sau da yawa nakan karanta kundin bincike inda aka tambayi mutum kaɗan, aka yanke hukunci a kan al'umma guda. Haka ma mai tallan magani a kasuwa yake lissafa mutum biyar da suka warke, ba ya zancen na shida.

Misalai suna nuna inda ya kamata a bincika, amma hujja ce kaɗai ke rufe magana. Duk wanda ya kawo maka biyar da suka dace da ra'ayinsa, ka tambaye shi ko ya gwada na shida.