Da wane harshe Sarauniya ta yi yaƙi?

A wannan wata zancenmu a kan silima ne, irin wadda ke nuna yaƙoƙin da. In za a nuna kakanninmu a fagen fama, da wane harshe ya kamata su yi magana?

Mu fara da labarin kansa. A shekarar 1899 wata rundunar Faransa ta ratsa ƙasarmu daga yamma, ta nufi tafkin Cadi. Kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ke jan ta. Garin da ya hana su hatsi ko ƴan dako, sai su cinna masa wuta. A watan Afrilu suka iso Lugu, a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. Can Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare su da kwari da baka. Bindiga ta fi ƙarfin kibiya, mutanen Lugu suka janye cikin daji, amma ba su miƙa wuya ba. A watan Mayu rundunar ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. A watan Yuli, wajen Tasawa, Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko don ya tsayar da shi. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine da Voulet kusa da Maijirgi.

A 1980 marubucin ƙasarmu Abdoulaye Mamani ya fitar da littafi da Faransanci mai suna Sarraounia. A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da shi fim. Da farko an shirya ɗaukar fim ɗin a nan Nijar, shirin bai yiwu ba. Sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓi aikin, ƴar ƙasar can Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. A 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Aiki ne mai kyau, kuma ya kai sunan Lugu ƙasashen da ba a taɓa jin sa ba. Wannan yabo haƙƙin Med Hondo ne.

To, ga inda gizo ke saƙa. Harsunan fim ɗin su ne Julanci da Fulatanci da Faransanci. Ita kuwa Sarauniya Bahaushiya ce, sunan sarautarta ma kalmar Hausa ce, kuma har yau Hausa ake yi a Lugu.

Faransanci a bakin Voulet daidai ne. Julanci a bakin sojojinsa ma daidai ne, don da yawansu Bambarawa ne da aka ɗebo daga ƙasar da ake kira Mali yanzu, kuma Julanci da Bambaranci ƴan ɗaki ɗaya ne. Amma in mutanen Lugu suka yi harshe ɗaya da waɗanda suka zo ƙona musu gari, an ɓoye wata gaskiya. A wancan yaƙi baƙo bai jin ɗan gari, ɗan gari bai jin baƙo. Tafinta ke tsakani, abin da ya ga dama shi yake faɗa. Wanda bai ga wannan ba, bai gane yadda mulkin mallaka ya shigo ba.

Ɓarna ta biyu a kan mai kallo take. Akwai fassara da ake rubutawa a ƙasan hoto, amma da harshen Turawa take, kuma gudu take yi. Manomin Matankari wanda bai shiga lakwal ba, ko dattijuwar Bagaji, sai su ga dawakai da hayaƙi, magana ta wuce su. An yi rawa da tarihinsu, su kuwa suna bayan dandali. Haka aka yi a Najeriya a 2021, inda aka fitar da fim ɗin sarauniya Amina ta Zazzau da Ingilishi.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Oumarou Ganda, ɗan Yamai, ya yi soja a yaƙin Indoshin. Da ya yi fim ɗinsa Cabascabo a kan tsohon soja da ya dawo gida, sai ya bar mutanensa suka yi Zabarmanci, kuma aka nuna shi a bikin Cannes na Faransa a 1969. A 1988 Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow sun yi fim a kan sojojin Afirka da Faransa ta harbe a barikin Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944. Sun bar su da gurɓataccen Faransancin bariki, don da shi sojojin ƙasashe dabam-dabam ke jin juna. A 2022 ma, cikin fim ɗin Tirailleurs, Omar Sy ya fito a matsayin uba da ya bi ɗansa yaƙin duniya na farko, kuma Fulatanci yake yi masa har cikin ramin yaƙi. Turawa sun cika gidajen silima sun kalla.

Wani zai ce fim da harshen gida ba ya ciniki. Ku dubi wayoyin samarin ƙauyenku. Finafinan Kano ne a ciki, da na Indiya waɗanda aka ɗora wa muryar Hausa. Med Hondo kansa, kafin rasuwarsa a 2019, da wannan sana'a ya daɗe yana cin abinci, shi ne muryar Eddie Murphy da Faransanci. In ana ɗora wa ɗan Indiya Hausa, me zai hana a nemi izinin masu fim ɗin Sarraounia a ɗora mata harshenta? Tun 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, sai a ga hakan a aikace.

Sai dai a yi hattara. Hausar Arewa ake so a bakin Sarauniya, ba ta birnin Kano ba. Kuma mutumin 1899 bai san mota ba, bai san minti ba, lokacinsa hantsi ne da la'asar da almuru. Irin wannan Hausa tana bakin tsofaffi. A Yamai akwai cibiyar CELHTO wadda ke tara labaran baka, amma ba za ta iya shiga kowane gari ba.

Don haka, ƴan uwa na Lugu, Ƙonni, Tasawa da Maijirgi, wanda ya iya rubutu ya zauna gaban kakansa da alƙalami. Ku rubuta kirarin mayaƙa, da sunayen makamai, da yadda ake gaida Sarauniya, da abin da garinku ke kiran waccan shekara. Ku rubuta shi yadda tsoho ya faɗa, kada ku gyara masa baki. Ku aiko wa jaridarku, za mu buga da sunan garinku.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.