Harshe da Al'ada: Ƙara Ba Ɗaya Ba Ce

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Zazzau na Suleja ranar hawan salla ya san abin da kunne ke sha kafin ido ya ga Sarki. Da farko sai a ji tambari daga can ciki, sa'an nan algaita ta ɗauka da siririyar muryarta mai huda kunne, kakaki kuma ya tsage sararin sama, maguɗiya ta rangaɗa guɗa a bisa. In da baƙon da bai san ƙasar Hausa ba ne, sai ya toshe kunne ya ce ƙara ta yi yawa. Amma mutumin gari ba ya kiran wannan ƙara. Kowane sauti a cikinsu yana da sunansa, da mai shi, da lokacinsa.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan kunne a Suleja. Sarautar garin ita ce tsohuwar sarautar Haɓe ta Zazzau, wadda ta baro Zariya tare da Sarki Muhammadu Makau a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadi. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja cikin 1828. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni cikin 1976, aka ɗauki sunan Abuja aka ba birnin tarayya, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Suna ya tafi, amma kayan busa da na kiɗa suna nan a fada. Shi kakaki ma ya girmi garin nesa ba kusa ba, domin tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara.

To, a nan ne hikimar harshen take. Bahaushe ba ya auna sauti da ƙarfinsa ko kaushinsa kaɗai, sai ya tambayi daga bakin wa ya fito, kuma don me. Mace ta ɗaga murya har ƙarshenta a gidan biki, an ce guɗa, kowa ya yi murna. Wannan macen dai ta ɗaga murya da tsakar dare, an ce kururuwa, maza su fito da sanduna. In kuwa tonon asirin maƙwabciya take yi a tsakar gida, sai a ce kwarmato. Yaron da aka taɓa kaɗan ya cika unguwa da kuka, kwakwazo ya yi. Jarumi a fagen fama ƙaraji yake yi, mai kiran wani daga nesa kuwa kuwwa, wadda duwatsu irin su Zuma kan mayar wa mai ita, shi ya sa aka ce amsa-kuwwa. 'Yan mata su yi shewa, makiyayi ya yi fito, mai raini ya ja tsaki. Maƙogwaro ɗaya ne da leɓe biyu, amma sunaye sun fi goma.

Haka abin yake wajen dabbobi da sararin sama. Kare haushi, doki haniniya, zakara cara, kaza kyarkyara, 'yan tsaki da gyare tsuwwa, zaki ruri in ya buɗe baki, gurnani in ya riƙe fushinsa a ƙirji, kububuwa kuwa huci. Hadari in yana nesa cida yake yi, in ya iso ka sai tsawa. Manomi ya san bambancin, domin cida tana ba shi damar ƙarasa kunya, tsawa kuwa cewa take ya ɗauki fartanya ya nemi gida.

Yana da kyau a gwada wannan da wani tsohon harshe da masana suka daɗe suna yabo, watau Latinanci, harshen Romawan dā. Su ma sun kula da sauti mai kaushi. Suna da kalma, clangor, don amon ƙahonsu na tagulla, ɗan'uwan kakaki, suna da raucus don muryar da ta dusashe. Har harafin r ma sun yi masa laƙabi da harafin kare, saboda yadda yake kama da gurnani. Amma babbar kalmarsu a wannan fage, stridor, guda ɗaya ce ta ɗauki kaya da yawa: kukan ƙyaure, da ƙarar zarto, da shuuu ɗin kibiya cikin iska, har da kukan giwa a fagen yaƙi. Watau Baroma ya saurari kamannin sautin ya tara su wuri ɗaya, Bahaushe kuwa ya dubi mai sautin ya rarraba. Kowace hanya da amfaninta. Har yau likitoci a duniya suna amfani da waccan kalma ta Romawa don siririn sautin da numfashi ke yi sa'ad da maƙogwaro ya ƙuntata.

Inda suna ya ƙare kuma, Hausa tana da wata taska, wadda malaman nahawu ke kira amsa-kama. Ƙyaure ya yi ƙiii, kwano ya faɗi ƙwaram, kara ya karye ƙas, mari ya sauka tau, buhu ya faɗo tim. Mai karatu ya lura da yadda ƙ da ts da r suka yi kaka-gida cikin waɗannan kalmomi: ƙara, ƙugi, ƙaraji, tsawa, tsuwwa, ruri. Baki ne ke kwaikwayon abin da kunne ya ji. Da yawa daga cikinsu suna nan ajiye cikin ƙamus na Bargery na 1934.

Abin damuwa shi ne ƙamus ma'aji ne, ba kasuwa ba. Suleja ta yau gari ne da ya cika ya batse da ma'aikatan Abuja, ga manyan motoci a hanyar Kaduna, ga injin niƙa, ga janareta, ga lasifika a kowane lungu. Sautuka sun ƙaru, sunayensu kuwa suna raguwa a bakin yara, kome ya zama ƙara ko hayaniya. Wani zai ce mene ne a ciki? Akwai abu a ciki. Uwar da ta iya gaya wa likita cewa ɗanta ba minshari yake yi ba, kakari ne, ko kuwa tarinsa irin na shiƙa ne, ta rage masa rabin aiki. Mai sayen tukunya a ƙasar su Ladi Kwali kan ƙwanƙwasa ta kafin ya biya, domin amon lafiyayya dabam, na tsagaggiya dabam. Maƙwabcin da kunnensa ya kasa raba guɗa da kururuwa kuwa, wata rana zai yi ihu bayan hari.

Maganin bai fi ƙarfin kowa ba. Malamin Hausa a firamare yana iya ware darasi ɗaya ya fita da yara bakin kasuwa, kowa ya faɗi sunan abin da ya ji. Masu fassarar labarai a gidajen rediyo su daina lulluɓe kowane sauti da kalma ɗaya. Iyaye kuma, in yaro ya ce jaki da doki da kare duk ƙara suke yi, a gyara masa nan take. Kukan kurciya dai jawabi ne, amma sai wanda ya san sunan kukan zai gane jawabin.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa.